Alminiyum Ma Yana Lalacewa: Amfanin Fentin Farko da Haɗarinsa

Alminiyum ba ya yin jar tsatsa irin ta baƙin ƙarfe, shi ya sa ake ɗauka ba abin da ke cin sa. Da zarar iska ta taɓa shi, wata siririyar fata ce ke rufe shi ta ba shi kariya. Sai dai wanda ake ƙira da shi yawanci gauraye ne da wasu ƙarafa, kamar jan ƙarfe ko zinki, don ya yi ƙwari, kuma mai jan ƙarfen, kamar samfuri mai lamba 2024 na jiragen sama, ya fi saurin lalacewa. Alamarsa farin gari ne a jikin ƙarfen, da ƙananan ramuka kamar hujin allura, fenti kuma ya kumbura ya ɓare.

Gishiri da danshi ne manyan abokan gabarsa. A ranar 28 ga Afrilu, 1988, rufin jirgin Boeing 737 na kamfanin Aloha ya yaye a sararin samaniyar Hawai, ma'aikaciya ɗaya ta rasu. Jirgin ya shekara 19 yana zirga-zirga cikin iskar teku, bincike kuma ya gano tsagewa da zaizayar ƙarfe a mahaɗar falankan jikinsa. Ɗanyen siminti ma yana cin firam ɗin taga na alminiyum, haka kusar ƙarfe idan ruwa ya kwanta a gindinta.

Fenti ba ya kama alminiyum kai tsaye. Sai an wanke maiƙo, an goga samfefa, sannan a shafa fentin farko, wato firaima, ta musamman: ko mai ɗan asid da ke cizon fuskar ƙarfen, ko ta ifoksi da ake haɗa gwangwani biyu. Jar firaimar da masu walda ke shafa wa ƙofofin ƙarfe ba don alminiyum aka yi ta ba.

Firaimar da ta fi kare alminiyum, wato mai launin ruwan ɗorawa da ɗan kore ta cikin jiragen sama, tana ɗauke da sinadarin kuromet, wanda aka tabbatar yana haddasa kansar huhu. Tarayyar Turai ta hana amfani da irinsa sai da izini na musamman. Haɗarin yana cikin feshi da ƙurar gogewa, ƙyallen da ake ɗaurawa a hanci kuwa ba ya tare su. Mai wannan aiki yana buƙatar takunkumi mai matata da safar hannu, a wurin da iska ke ratsawa, ya kuma wanke hannu kafin cin abinci.