Kwamfuta a Cikin Mota: Wane Bod Ne Zai Jure Hanyar Dareta?

Yawancin motocin da ke lodi a tashar Anka ko ta Gummi suna ɗauke da kwamfuta, ko direba ya sani ko bai sani ba. Ita ce ƙwaƙwalwar mota, wadda ke auna mai da iska, take kunna fitilar gargaɗi idan inji ya sami matsala. Tun daga 1996 Amurka ta wajabta wa motocin da ake sayarwa a ƙasarta wata kafa mai ramuka 16 a ƙarƙashin sitiyari, mai suna OBD-II, inda makaniki ke jona na'ura ya karanta ciwon mota. Turai ta bi sahu daga baya, shi ya sa ake samun kafar a mafi yawan motocinmu 'yan Kwatano.

Ba wannan ce maganarmu ba. Muna magana ne a kan kwamfuta ta biyu, wadda mai mota ke girkawa da kansa don wani aiki: motar asibiti mai ɗauke da rajistar marasa lafiya, motar rigakafi, motar ɗan kasuwa mai son sanin inda direbansa ya bi da man da ya ƙona, ko mai son kyamarori da taswira. A yammacin Zamfara akwai dalili na musamman da zai sa mutum ya so bayanansa su zauna cikin motarsa. A watan Satumba na 2021 an rufe layukan waya a faɗin jihar saboda matsalar tsaro, aka shafe makonni babu kira babu intanet. Ko a lokacin da ba a rufe komai ba, wanda ya bar kwalta ya nufi Dareta ko Bagega ya san yadda sabis ke ɗaukewa. Kwamfutar da ke da taswira da rajista a cikinta ba ta damu ba, domin GPS daga tauraron ɗan'adam yake karɓar saƙo, ba daga ƙarfen sabis ba.

Tushen kowace kwamfuta shi ne madabod, wato faifan nan mai launin kore ko baƙi da masu gyara ke kira bod, wanda furosesa da RAM da kafofin jonawa ke zaune a kansa. Na kwamfutar tebur ya yi wa mota girma, don haka ƙanana ake nema. Kamfanin VIA na ƙasar Taiwan ne ya fito da samfurin Mini-ITX a 2001, mai faɗin santimita 17 da tsawon 17. Daga baya ya kawo Nano-ITX mai santimita 12 kowane gefe, sai Pico-ITX mai 10 da 7.2. A 2012 Raspberry Pi ya fito daga Ingila, girmansa kamar katin cirar kuɗi. Akwai kuma dangin NUC, masu kusan santimita 10, waɗanda Intel ta fara, ASUS ta karɓi ƙera su a 2023. Duk za su shiga ƙarƙashin kujera. Batun girma shi ne mafi sauƙi, kuma abin haushi shi ne a nan mutane suka fi ɓata lokaci, nan da tambayar wanne ne ya fi gudu.

Tambayar farko da ta kamata ita ce: wace irin wuta yake ci?

Muna cewa batirin mota volt 12 ne, amma wannan suna ne kawai. Idan inji na aiki, altaneto kan ɗaga wutar zuwa wajen volt 14. A daidai lokacin da aka murza makulli, sitata na jan wuta mai yawa, ƙarfin kan faɗo ƙasa da 10, idan batirin ya tsufa ya faɗi ƙasa da haka sosai. Bod ɗin da aka ƙera don ya sami 12 cif daga caja a ofis zai mutu ya sake tashi duk lokacin da aka tayar da mota, kuma kowace irin wannan ɗaukewa na iya lalata abin da yake rubutawa. Wannan ma da sauƙi. Babban mugun shi ne wata ɗabi'a tamu ta gareji: a cire kan batir inji na aiki don a gwada ko altaneto na caji, ko a ari batirin wata mota a tayar, sannan a zare shi a mayar wa mai shi. Batir shi ne ke shanye rarar wutar altaneto. Da zarar an zare shi, wutar kan yi tsalle na ɗan ƙiftawar ido zuwa volt 35 ko 40 a motocin da ke da kariya, a waɗanda ba su da ita kuma ta doshi 100. Masu ƙera kayan wutar mota sun san wannan, har akwai ƙa'idojin gwaji a kansa, irin su ISO 16750-2. Bod ɗin tebur bai taɓa jin labarin ba.

Mafita biyu ce. Ko dai a sayi bod da aka rubuta a takardarsa cewa yana karɓar wuta mai faɗi, misali daga volt 9 zuwa 36, wanda zai yi aiki har a babbar mota mai 24, ko kuma a sa masa na'urar daidaita wuta da aka yi domin mota. Sanannu a wannan fanni su ne M2-ATX da M4-ATX, na biyun yana karɓar daga volt 6 zuwa 30. Amfaninsu bai tsaya ga daidaita wuta ba. Suna da waya da ake jonawa da makulli, ta yadda idan an kashe mota za su umarci kwamfuta ta rufe kanta cikin tsari, sannan su yanke wutar gaba ɗaya don kada a wayi gari batir ya kwanta. Raspberry Pi volt 5 yake ci, samfuri na 4 yana son amfiya 3, na 5 kuma har amfiya 5. 'Yar cajar nan ta ramin sigari da ake sayarwa a tasha ba za ta riƙe shi ba, kuma katin memorinsa ya yi suna wajen lalacewa idan wuta ta ɗauke ba shiri.

Wasu kan ce su dai a sa inbata a jona kwamfutar tebur a huta. Lissafi bai goyi bayansu ba. An ɗaga wuta daga 12 zuwa 220, an sake sauko da ita, kowane mataki na zubar da wani kaso ya zama zafi. Kwamfutar da ke cin wat 100 tana jan sama da amfiya 8 daga batir, wato batir mai amfiya-awa 60 ba zai kai yini guda ba, kuma tun kafin ya ƙare zai kasa tayar da inji. Ƙaramin bod mai cin wat 15 kuwa amfiya ɗaya da 'yan kai yake ja. Mutumin da ya taɓa tsayawa da mataccen batir tsakanin Anka da Daki Takwas, a irin halin tsaron da ake ciki, ba ya buƙatar a yi masa dogon bayani. Kuma duk yadda aka yi wayarin, a sa fiyus kusa da kan batir, a ba ɗan riwaya na ƙwarai aikin. Wayar da ta goge da ƙarfe ba fiyus, gobara ce.

Sai zafi da ƙura, waɗanda a ƙasarmu ba a raba su. A watannin Maris da Afrilu zafin Zamfara kan haura digiri 40 a inuwa, motar da aka ajiye a rana da gilasai a rufe kuma cikinta kan wuce 60, saman dashbod ya fi haka. Yawancin bod na gida da ofis ba a yi su don wannan ba. Na masana'antu su ne ake rubuta wa cewa suna jure daga 40 ƙasa da sifiri zuwa 85, ko aƙalla zuwa 70. Hanyar da aka saba sanyaya kwamfuta ita ce fanka, fanka kuwa iska take zuƙa, iskar hanyar burji da ta hunturu kuma ƙura ce zalla. Cikin 'yan watanni ƙurar za ta toshe haƙoran ƙarfen sanyaya, fankar ta fara kuka, ta tsaya. Idan damina ta zo, ƙurar ta sha danshi, ta fara cin layukan bod.

A ko'ina wannan asarar kuɗi ce. A yankin Dareta ta wuce haka. A farkon 2010 ne likitocin ƙungiyar MSF suka gano cewa yara na mutuwa da yawa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, bincike ya nuna gubar dalma ce. Duwatsun da ake haƙowa don neman zinare suna ɗauke da dalma mai yawa, ana niƙa su da injin niƙa a cikin gari, har a tsakar gida, ƙurar ta bi ɗakuna da kwanuka da hannun yara. Sama da yara 400 suka rasu. A wasu gidaje an auna dalma fiye da kashi 100,000 cikin miliyan na ƙasa, alhali ma'aunin Amurka a lokacin ga wurin wasan yara 400 ne. Dareta da Yargalma su ne aka fara kankare wa ƙasa a 2010, da taimakon TerraGraphics da Blacksmith Institute, Bagega kuwa sai 2013. MSF ta miƙa aikin ga hukumomi a 2022.

Ba ana cewa duk ƙurar hanya guba ce ba. Amma motar da ke ɗaukar buhunan dutse, ko take zuwa wurin niƙa da wanki, ko take jigilar leburori da kayan aikinsu, tana tara wannan ƙura a ƙasanta, daidai inda ake ajiye kwamfuta. Akwati mai fanka zai zuƙe ta ya adana, kamar rariyar da ba a taɓa kaɗewa ba. Ranar da ya fara zafi a kai wa mai gyara, ya buɗe ya hura da baki ko da na'urar busawa a cikin ɗan shagonsa, yaran shago na tsaye, wani lokacin ma a ɗakin gida ake yi. Dalma ba ta da wari, kuma jikin ƙaramin yaro ya fi na babba saurin shanye ta. Wannan kaɗai ya isa dalilin da zan ce a wannan yanki kada a sayi bod mai buƙatar fanka. A nemi mai furosesa maras cin wuta, irin Intel N100 da ya fito a 2023 mai wat 6, ko dangin Atom da Celeron, ko masu ARM, a sa shi cikin rufaffen akwatin alminiyam mai haƙora a baya, wanda jikinsa ke fitar da zafi. Irin wannan da jiƙaƙƙen tsumma ake goge shi ta waje. Kada a lulluɓe shi da darduma ko a danne shi da kaya, kada kuma a ɗora shi a ƙasan da salansa ke bi ta ƙarƙashi.

Jijjiga ba ta buƙatar dogon zance. Tsohon faifan ajiya mai juyawa ba zai yi rai a gargada ba, SSD za a sa, musamman irin M.2 da ake ɗaurewa da noti. RAM ɗin da aka liƙa a jikin bod ya fi, sai irin na laftof mai kwanciya. Dogon na tebur mai tsayuwa yakan girgiɗe. Duk katin da ake cusawa a tsaye, da kowace waya mai lilo, jiran ranarsu suke. A ɗaure wayoyi, a sa roba tsakanin akwati da jikin mota.

Kafin a biya kuɗi, a zauna a ƙirga abin da za a jona: GPS, kyamara nawa, sikirin, na'urar karanta OBD-II irin ELM327, da wurin sa layin waya don tura bayanai idan an shigo sabis. Bod mai kafofin USB biyu zai tilasta maka sayen marabar USB, ita kuma wata sabuwar hanyar matsala ce. A duba ko yana da saitin tashi da kansa idan wuta ta zo, don kada direba ya riƙa laluben maɓalli a ƙarƙashin kujera. A duba ƙaramin batirin agogo, domin rajistar da kwanan watanta ya rikice ba ta da amfani ga asibiti ko ɗan kasuwa. Raspberry Pi 4 ba shi da wannan agogo, sai an ƙara masa.

Wajen saye, titin Beirut da Farm Centre a Kano su ne mafi kusa da za a fara tambaya, sai Computer Village a Ikeja, ko a yi oda daga waje. Ana samun ƙananan kwamfutocin ofis na hannu da araha, irin su Lenovo Tiny da HP Mini, kuma suna da kyau a kan tebur. Sai dai suna da fanka, wutarsu kuma volt 19 zuwa 20 ce daidaitacciya. Mai shago zai ce maka za su yi, kai dai ka nemi lambar samfurin, ka karanta takardarsa da idonka, ka ga iyakar wuta da iyakar zafi. Idan babu takarda, ka bar masa kayansa. Ka kuma tambayi kanka wa zai gyara idan ta tsaya a Nasarawar Burkullu ko Gummi. Wanda aikinsa ya dogara da ita, gara ya sayi bod biyu iri ɗaya masu matsakaicin kuɗi da ya sayi ɗaya mai tsada da ba a samun irinsa sai an jira jirgi.

Gaskiyar da masu sayarwa ba za su faɗa ba ita ce, mutum da yawa ba sa buƙatar wannan aiki. Idan taswira da karatu da waƙa ne kawai, wayar Android da aka sauke wa OsmAnd ko Organic Maps ta wadatar, ga ta da batirinta, ga shi ana sa ta a aljihu a fita da ita. Rediyon mota mai Android ma an riga an gina shi don wutar mota. Kwamfuta mai bod sai ga wanda ke da kyamarori da yawa, ko manhajar da ba ta aiki sai a Windows ko Linux, ko na'urorin gwaji da dole a jona. Ko shi ɗin, kada sikirin ya zama abin kallon direba yana tuƙi.

Ga wanda lalle yake buƙata kuma motarsa ke bin hanyoyin Anka, Bukkuyum da Gummi, zaɓin shi ne bod maras fanka, mai karɓar volt 9 zuwa 36, mai SSD, a rufaffen akwati, ko da ya fi sauran jinkiri. Masu gyara kuma, don Allah, duk na'urar da aka kawo muku daga ƙauyukan haƙar zinare kada ku hura ta. Ku goge da jiƙaƙƙen tsumma a waje, nesa da yara, ku wanke hannu da sabulu kafin ku ci abinci.