3.4 Warware Adadi Zuwa Tushensa a Lissafin Gado

Kamar yadda aka ambata a sashen da ya gabata, adadi iri biyu ne. Akwai wanda yake rabuwa ba tare da ragowa ba, kamar 6 ko 8, akwai kuma wanda ba ya rabuwa sai da kansa ko da 1, kamar 2, 3, 5, 7, 11, 13 da 17. A wannan bincike an kira nau'i na biyu da suna gagara-rabo. Tun wajen shekara 300 kafin haihuwar Annabi Isa (A.S.) Iklidis ya yi bayaninsa.

Hanyar warwarewa ita ce a yi ta raba adadi da mafi ƙanƙantar gagara-rabon da zai shige shi, har sai an tsaya a kan 1. Misali:

8 = 2 × 2 × 2
6 = 2 × 3

Malaman gado sun daɗe suna wannan aiki, ko da yake ba da wannan suna ba. A ƙaddara wani ma'aikacin majema a Challawa, mazaunin Panshekara, ya rasu ya bar mata ɗaya, mahaifiya, 'ya'ya maza biyu da mata biyu. Mata tana da sumuni, mahaifiya sudusi. Idan aka haɗa tushen 8 da na 6, ba tare da maimaita 2 ɗin da suka yi tarayya a kai ba, za a sami 2 × 2 × 2 × 3, wato 24. Wannan shi ne asalin mas'ala. Mata ta ɗauki 3, mahaifiya 4, saura 17.

To, a nan ne gizo ke saƙa. Da yake namiji yana da rabon mace biyu, kawunan 'ya'yan 6 ne, ga shi kuwa 17 gagara-rabo ne, babu abin da ya haɗa shi da 6. Wannan ne malamai ke kira tabayuni. Saboda haka sai a ninka 24 sau 6, ya ba da 144. Mata ta sami 18, mahaifiya 24, kowane ɗa 34, kowace 'ya 17, ba tare da an tauye haƙƙin maraya ko ɗaya ba.

Abin lura kuma shi ne, asalan nan bakwai na gado, wato 2, 3, 4, 6, 8, 12 da 24, in an warware su ba a samun komai sai 2 da 3.