Tangarɗa Mai Lamba 54

Wanda ciwon daji ya kama a Bagudo, ko Illo, ko Tsamiya da ke bakin iyakar Benin, duk a jihar Kebbi, idan likita ya ce sai an ƙona masa ciwon da na'ura, sau da yawa Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato ake tura shi. Za a kwantar da shi a wani ɗaki mai kaurin bango, kowa ya fita, a rufe ƙofa. Daga nan ransa na hannun Allah, sannan yana hannun mai danna maɓallai a ɗaki na gaba. Ga abin da ya taɓa faruwa a irin wannan ɗaki.

Ranar 21 ga Maris, 1986, a cibiyar ciwon daji ta garin Tyler da ke jihar Texas a Amurka, wani mutum ya zo ƙonawa karo na tara bayan an cire masa ƙari a bayansa. Sunan na'urar Therac-25, ƙirar kamfanin AECL na Kanada. Ma'aikaciyar da ke sarrafa ta ƙwararriya ce, hannunta ya faɗa da aikin. Maimakon ta danna harafin E, na hasken da ke tsayawa kusa da fata, sai ta danna X, na hasken da ke ratsa jiki. Nan take ta lura, ta koma sama da maɓallin kibiya, ta gyara, ta ba da umarni.

Na'urar ta tsaya, allo ya nuna tangarɗa mai lamba 54. Ya kuma nuna cewa ma'auni 6 kacal aka ba majinyacin daga cikin 202 da aka nema. To me za ta yi? Na'urar ta saba tsayawa kullum a kan abin da bai taka kara ya karya ba, lambobin tangarɗarta daga 1 har 64, babu bayani da harshen mutane. Sai ta danna P, wato a ci gaba, kamar yadda ta saba.

A ranar, allon bidiyon da ake kallon majinyaci a cire yake, na'urar jin magana kuma ta lalace. Ba ta san mutumin ya ji kamar an kwara masa kofi mai zafi a baya ba. Yana ƙoƙarin tashi, wuta ta biyu ta same shi a hannu. Sai bugun ƙofarsa ta ji. An yi nufin ba shi rad 180 (rad ma'auni ne na hasken da jiki ya sha). Daga baya aka ƙiyasta ya sha tsakanin 16,500 da 25,000 cikin ƙasa da daƙiƙa ɗaya. Bayan wata biyar ya rasu.

Kamfanin ya turo injiniyoyi, suka duba, suka ce na'urarsu ba za ta iya wuce ƙima ba. Aka ci gaba da aiki. Ranar 11 ga Afrilu, ma'aikaciya ɗaya, kuskure ɗaya, lamba 54 ɗaya: wani mai ciwon daji a fatar fuska ya sha irin wannan wutar, ya rasu bayan mako uku.

Masanin fiziks na asibitin, Fritz Hager, shi ya ƙi yarda. Ya zauna da ma'aikaciyar suna ta maimaita abin da ta yi har suka kama ɓarawon. Na'urar na ɗaukar daƙiƙa 8 tana daidaita maganaɗisunta, duk gyaran da aka yi a cikin wannan taƙi ba ta ɗauka. Allo ya nuna an gyara, amma a ciki ƙarfin hasken X na nan, ƙarfen da ke tare shi yana watsa shi kuma an janye. Wato mai jan hannu ba zai taɓa faɗawa wannan rami ba, sai gwani. Tsohuwar ƙirar, Therac-20, tana da irin wannan aibi a manhajarta, amma tana da makarin ƙarfe da fis mai ƙonewa. A sabuwar aka cire su, aka dogara ga kwamfuta.

Maganin farko da kamfanin ya aika wa asibitoci, in ba don an rasa rai ba da abin dariya ne: a ɓalle maɓallin kibiyar, a liƙe wurin da salatif. Tsakanin 1985 da 1987 an samu haɗari shida irin wannan a Amurka da Kanada, kamar yadda Nancy Leveson da Clark Turner suka tattara a bincikensu na 1993.

A ganina ma'aikaciyar nan ba ta da laifi. Allon da ya yi mata ƙarya, ya kuma saba mata da kukan banza, shi ya kamata a tuhuma, tare da waɗanda suka ƙera shi. Saboda haka masu sayo wa asibitocin Kebbi da Sakkwato na'urori, ko na ƙona ciwon daji ne ko na wankin ƙoda, don Allah kafin ku sa hannu ku zaunar da ma'aikacin da zai yi aiki da ita a gaban allon, ya yi kuskure da gangan, ku ga abin da za ta ce masa.