Wutsiyar Doki Garkuwarsa Ce

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai. Godiya ta tabbata ga Allah wanda ya hore wa ɗan Adam dabbobi, tsira da aminci su tabbata ga Fiyayyen Halitta.

Bayan haka, duk wanda ya tsaya ƙofar fadar Zazzau ran hawan Salla ko hawan Daushe, ya san babu abin da ke cika kwarjinin ingarma kamar doguwar wutsiya mai izga har ƙauri. Amma da yawa daga masu doki, a cikin birni da Sabon Gari da Samaru, sukan kashe dukiya a kan sirdi da linzami da jalala, su bar wutsiya a hannun yara, sai ana jibi Salla su tarar ta mutsuke.

To, wutsiya ta wuce ado. Abu Dawuda ya ruwaito a cikin Sunan ɗinsa, daga Utbatu ɗan Abdu, hani ga yanke gashin goshin doki da gezarsa da wutsiyarsa, aka kuwa bayyana dalili, watau da wutsiyar yake korar ƙudaje. Hukumar Ingila ma ta zo ta kafa doka a 1949, ta hana gundule wutsiyar doki sai don lalurar ciwo.

A ƙasar Zazzau wannan hikima a fili take. Da damina ta kankama, wajen watan Agusta, bobuwa da sauran ƙudaje masu cizo sukan yi yawa, musamman inda turke yake kusa da kwata ko juji, kamar yadda yakan faru a unguwanni masu cunkoso irin na Sabon Gari, wadda ta tashi bayan an gama shimfiɗa hanyar jirgi daga Baro zuwa Kano a 1911. Can kudu kuma, a kurmin rafuka, ga tsando mai kawo sammore. Dokin da ya rasa izga yini yake yana harbi da karkaɗa jiki, ba ya cin harawarsa cikin natsuwa, sai a ga yana ramewa.

Abin da ya fi lalata wutsiya shi ne susa. In aka ga doki yana goga gindinsa da gini ko itace har gashin saman wutsiya ya kakkarye, lalle akwai abin da ke cinsa. Sau da yawa wata tsutsar ciki ce, wadda ke fitowa ta zuba ƙwai a bakin dubura, ya haddasa ƙaiƙayi. Wani lokaci kuwa kaska ce ta maƙale a ƙarƙashin wutsiya, ko ƙwarƙwata, ko kirci. Shafa mai kaɗai ba ya kashe tsutsa. Mutanen wannan yanki kuwa Allah ya kusanto musu da magani, gama a Samaru Jami'ar Ahmadu Bello take, wadda aka buɗe a 1962, tana da asibitin koyar da likitocin dabbobi, inda akan duba a gane asalin ciwon kafin a ba da magani.

Sa'an nan sai tsefewa. Ba a sa matsefi a fizgo daga sama, don kowane fizga da izgar da yake tsigewa. Da yatsu ake warwarewa, a fara daga ƙasa a yi sama, bayan an ɗan shafa man kaɗanya, a tsince ƙarangiya da ƙashin yawo ɗaya ɗaya. In an wanke da sabulu a ɗauraye sarai, gama ragowar kumfa ma takan sa ƙaiƙayi.

Da damina akan kitse izga ko a naɗe ta saboda taɓo. Wannan daidai ne, amma da sharaɗi. A cikin wutsiya akwai ƙashi mai gaɓoɓi wajen 18, da nama da jijiyoyin jini. Ɗauri sai daga inda ƙashin ya ƙare. Wanda ya tamke igiya a kan naman ya bar ta ta kwana, ya toshe jini, gashi ya zube, har wutsiyar kan mutu. Kuma kada a ɗaure doki inda maruƙa da awaki za su kai ga izgarsa, don sukan tauna ta. A sa ido ga masu shiga barga, gama izga tana da masu nema, da ita ake yin tsirkiyar goge.

Ga fatake da dillalai kuwa, wutsiya shaida ce. Mai sayen doki ya ɗaga ta ya duba ƙarƙashinta kamar yadda yake duban haƙora, domin nan ake gane irin riƙon da aka yi masa. Izga tsawon da take ƙarawa a wata bai fi faɗin yatsa ɗaya ko biyu ba, saboda haka ɓarnar dare ɗaya sai a shekara uku ba ta mayu ba.

Dabba amana ce, ba ta da bakin kai ƙara. Allah ya ba mu ikon riƙon amana, amin. Haza wasalam.