Ƙungiyar da Ba Ta da Magatakarda

 Yau a shirinmu daga nan Bauchin Yakubu, goge za mu taɓa. E, goge. Na san akwai dattijon da tuni ya kai hannu zai murɗa akwatin rediyonsa. Baba, a yi haƙuri, a ara mini kunne na minti goma.

Abin da ya tayar da maganar wani labari ne daga Amurka. Turawa ma suna da dangin goge. Akwai biyolin, ƙarami mai zaƙin murya, akwai kuma yayansa biyola, wanda ya ɗan ɗara shi girma, tsirkiya huɗu, murya mai kauri. A cikin makaɗansu mai biyola shi ne abin zolaya, wai sai wanda biyolin ya gagara ake miƙa wa ita. To a 1971 sai masu biyola suka kafa ƙungiyarsu a Amurka. Suna buga mujalla, suna shirya gasa ga matasa, suna taron duniya da takwarorinsu na wasu ƙasashe. A Jami'ar Brigham Young da ke jihar Utah har rumbu guda aka ware, mai sunan gwaninsu William Primrose wanda ya rasu a 1982, aka tara faya-fayai da takardu da hotunan masu biyola. Waɗanda ake yi wa dariya ke nan fa.

[Sautin goge]

Mu dawo gida. Wannan kukan da kuka ji, daga ɓarin ƙwarya yake fitowa. Ana rufe bakinta da fatar guza ko ta damo, a ɗame, a kafe da ƙusoshi, a huda ƙofa a gefe guda don murya ta samu hanya. A soka sanda ta ratsa. Tsirkiyar kuwa gashin wutsiyar doki ne, tuli guda aka haɗa, haka ma na bakan da ake gogawa. Sai ɗan itacen da ke zaune bisa fata yana ɗauke da tsirkiya, jaki ke nan. Ku lura da mai goge kafin ya fara: zai goga ƙaro a jikin gashin, ya ja sau ɗaya, ya karkata kai ya saurara, ya ɗan matsar da jaki da babban yatsa, ya sake ja. Kuma ba ya danne tsirkiya a jikin sanda yadda Bature ke yi. Taɓa ta kawai yake da cikin yatsu, a iska. Tsirkiya ɗaya, jama'a. Ɗaya tak. Amma a wurin bori, da ita ake yi wa iskoki takensu: a yi wa Sarkin Rafi nasa, a yi wa Ɗan Galadima nasa, a yi wa Malam Alhaji nasa, ba a taɓa cuɗa su ba.

To wannan alaƙa da bori, da gidajen magajiya, da otal-otal na bayan gari, ita ta ja wa goge baƙin jini tun zamanin jihadi. Fada ta riƙe kakaki da algaita da tambari, ta bar goge a waje. Abin mamaki, in ka je Yendi a arewacin Gana, masu goge na Dagomba makaɗan sarki ne, suna zaune gaban Ya Na suna jero tarihin kakanninsa. A ƙasar Yarabawa, Yusuf Olatunji ya yi suna da shi a kiɗan sakara har ya rasu a 1978. Kayan kiɗa iri ɗaya, daraja daban.

Amma kada wani ya ce masu gogenmu ba su da ƙungiya. Suna da ita, tun kafin 1971 ɗin. A garuruwa da dama akwai Sarkin Goge, shi ke raba rigima in biyu sun yi karo a gidan biki ɗaya, wurinsa baƙon makaɗi ke fara sauka ya kai gaisuwa kafin ya buɗe jakarsa. Yaro ba ya fara da goge. Zai shekara yana ɗaukar kaya, yana kiɗan ƙwarya a bayan maigida, yana amshi, kafin a bar shi ya riƙe baka.

Sai ajo. Nan ne ni abin ya fi burge ni. In mai goge zai aurar da 'ya, ko an yi masa haihuwa, ko gobara ta taɓa shi, sai ya raba goro, ya sa rana. Ranar nan 'yan'uwansa makaɗa za su zo daga garuruwa, kowa da yaransa, su yi wasa ba a biya su ko kwabo ba. Sanƙira na tsakiyar fili yana ɗaga kuɗi sama yana shelar wanda ya bayar da nawa ya bayar. Ba littafi, ba rasit, ba magatakarda. Amma wallahi ba a mantuwa. Ran da naka ajon ya zo, abin da ka kai shi za a mayar maka, sau da yawa har da ɗori. Wanda ya saba ƙin zuwa na mutane kuwa, ranar nasa zai ga fili fayau, shi da kujerun haya. Wannan ai ita ce ƙungiya. Inshora ce, kotu ce, makaranta ce.

Abin da ba ta yi ba shi ne ajiya. Ku tambayi matashi a kasuwar Wunti ko Muda Lawal waye Garba Liyo, waye Audu Yaron Goge. Ku tambaye shi masu kukuma, ƙanwar goge: Ibrahim Nahabu, Garba Supa, Hassan Wayam, Ahmadu Doka. In an yi sa'a ya taɓa jin muryar ɗaya a wayar direban tasha, ba suna, ba shekara. Tun da aka ƙaddamar da shari'a a jihar nan a 2001 wuraren da ake irin wannan wasa suka ƙara janyewa, ga kuma kiɗan kwamfuta ya cinye gidajen biki. Ba ina jayayya da malamai ba ne, kowa ya san matsayinsu. Ajiye tarihi dai daban, halatta abu daban.

Kuma waɗanda suka rubuta mana, yawanci baƙi ne. David Ames da Anthony King sun yi aiki a Zazzau da Katsina, suka fitar da ƙamus na kiɗan Hausa a 1971, shekarar da masu biyola suka kafa tasu ƙungiyar. Farfesa Jacqueline DjeDje ta Jami'ar Kalifoniya ta fitar da littafi guda a 2008 kan gogen Fulani da Hausawa da Dagomba. Da Turanci duka.

Mai kula da na'ura yana nuna mini agogo, don haka batun kukuma da siyasar zamanin jam'iyyun NEPU da NPC sai wani makon. Kafin nan, duk mai tsohon kaset ko faifan garmaho na goge a ƙasan akwati, ya kawo mana nan tashar, mu kwafa mu mayar masa da abinsa. In ya san sunan makaɗin da garinsu, ya rubuto a jikin takarda.