Gajarta Suna da Matsalar Takwara a Ma'ajiyar Kwamfuta



Duk wanda ya taɓa riƙe rajistar makaranta a ƙasar Kabi ya san idan aka kira "Muhammadu", yara da yawa ne za su miƙe. Shi ya sa akan ƙara sunan uba ko na gari, a ce na Zauro, ko na Ambursa, ko na Argungu. Irin wannan matsala ta takwara ita ce ta sami masu rubuta manhajar kwamfuta.

A shekarar 2005 Linus Torvalds ya ƙago Git, watau ma'ajiya mai adana kowane gyara da aka yi wa manhaja. Kowane gyara akan raɗa masa suna mai alamomi 40, wanda ake lissafowa daga abin da ya ƙunsa. Alamomin iri 16 ne: daga 0 zuwa 9, da kuma a zuwa f. Da yake sunan ya faye tsawo, sai aka saba ambaton bakwai na farko kurum.

Alamomi bakwai suna iya ba da suna 268,435,456. Mai sauraro zai ce ai sun wadatar. To, a nan gizo ke saƙa. Tambayar ba ita ce ko wane zai sami takwara ba, a'a, ko akwai wasu biyu, ko su wane ne, da suka yi tarayya. Alal misali, mutum 23 suka taru a zaure, yiwuwar a sami biyu da ranar haihuwarsu ta zo ɗaya a shekara ta ɗara rabi. Haka nan, da zarar abin da aka adana ya kai wajen 19,300, yiwuwar karo ta kai rabi.

Haɗarin shi ne, gajeren sunan da aka rubuta a rahoto bana, yana nuna gyara ɗaya, baɗi yana iya nuna biyu. Git zai ƙi zaɓa, mai nema kuwa ya shiga lalube, watakila ya ɗauko wanda ba shi ba. Saboda haka masu aikin Linux suka koma ga alamomi 12, kuma tun 2016 Git ke tsawaita sunan da kansa gwargwadon girman ma'ajiyar.

Daga ƙarshe, shawarata ga ma'aikaci ita ce: a baki a gajarta, amma a takardar da za a ajiye, a rubuta suna cikakke.