Babban Babur a Hannun Sabon Shiga: Abin da Ya Tabbata da Abin da Ake Faɗa

Tun daga ranar 26 ga Disamba, 2017, da ɗan shugaban ƙasar Nijeriya na wancan lokaci ya yi haɗari a kan babban babur a unguwar Gwarinpa ta Abuja, ya sami rauni a ka tare da karaya, zancen waɗannan babura da samari ke kira fawa-baik ya shiga majalisu da teburan masu shayi, kuma kamar yadda aka saba idan magana ta yawaita a bakin jama'a, gaskiya da ƙarya suka cakuɗe, har ya zama wajibi ga mai son alheri ga 'yan'uwansa ya zauna ya rarrabe su, domin kuskure a wannan mas'ala rai ake biya.

Shubuhar da ta fi kowace yaɗuwa, kuma ta fi kowace ɓarna, ita ce cewa babur duk babur ne, wanda ya iya na acaba ya iya babba, tun da totur ɗaya ne, birki ɗaya, giya ɗaya. Wannan ƙiyasi ɓatacce ne. Babur irin Bajaj Boxer da aka saba gani a titunanmu injinsa si-si 100 ne, ƙarfinsa kimanin na doki 8, alhali kuwa babur na tsere irin Yamaha R1, mai si-si kusan 1,000, yana da ƙarfin doki wajen 200, yana kaiwa gudun kilomita 100 a awa cikin daƙiƙa uku ko kusa da haka, kuma yana wuce kilomita 120 tun yana giyar farko. Hannun da ya shekara yana murɗa totur har ƙarshe a kan ƙaramin babur, saboda ya san injin ba zai ba shi fiye da abin da zai iya riƙewa ba, shi ne hannun da zai halaka mai shi a kan babba. Ga yadda abin yake faruwa: sabon shiga ya saki kuloci da gaggawa, ko ya faɗa ɗan rami, babur ya zabura, jikinsa ya yi baya, shi kuwa don tsoron faɗuwa sai ya ƙanƙame mariƙi, ƙanƙamewar nan ta ƙara murɗa totur, kafin ya tuna inda birki yake ya riga ya isa bangon wani ko bayan tirela. Magabatanmu ba su ɗora yaro a kan ingarma ranar hawan salla sai ya daɗe yana koyo a kan doki mai sanyin hali, ba don sun raina jaruntarsa ba, sai don sun san linzami ilmi ne da ake ɗauka da sannu.

Akwai hujja a rubuce. A shekarar 1981 wani masani mai suna Harry Hurt na Jami'ar Kudancin Kalifoniya a Amurka ya fitar da sakamakon bahasin da ya yi a kan haɗurran babur 900 a yankin Los Anjeles, inda ya tarar fiye da rabin waɗanda suka yi haɗarin ba su kai wata biyar suna hawan wannan babur ɗin ba, duk da cewa yawancinsu sun daɗe suna hawan wasu, kuma kashi 92 cikin ɗari ba su sami horo na ƙa'ida ba, ko dai sun koya wa kansu ko aboki ko ɗan'uwa ya nuna musu. Saboda irin wannan ne ƙasashen Tarayyar Turai suka mai da lasin babur hawa-hawa, a fara da ƙarami wanda bai wuce si-si 125 ba, sannan matsakaici, ba a kuwa ba mutum izinin babba kai tsaye sai ya kai shekara 24, ko kuma ya yi shekara biyu a kan matsakaicin.

Wata maganar kuma da ake yi wa masu koyo hudubarta ita ce, "Kul, kada ka taɓa birkin gaba, zai wuntsilar da kai." A cikinta akwai ƙwayar gaskiya, domin wanda ya cafki birkin gaba farat ɗaya a kan yashi, ko yana tsakiyar kwana, lalle zai sha ƙasa. Amma haramta shi gaba ɗaya jahilci ne, saboda idan babur yana tsayawa nauyinsa kan koma tayar gaba, ita ce ke yin mafi yawan aikin, kimanin kashi 70 cikin ɗari. Wanda ya dogara da birkin baya kaɗai, tayar za ta kulle ta ja shi a kan kwalta. Matsa birkin gaba ake koya, a hankali sannan a ƙara. Masu cewa babban babur ya fi ƙarami kyawun birki da taya sun yi gaskiya. Sai dai mai gudun kilomita 120 yana cin mita 33 a kowace daƙiƙa, kuma idan gudu ya ninka, nisan da birki ke bukata yakan ninka sau huɗu, akuya kuwa ko adaidaita sahun da ya juyo ba tare da sigina ba, ba za su jira ba.

Hular kwano ma ta sha ƙazafi. Lokacin da Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Tarayya ta tilasta sa ta a farkon 2009, an yaɗa cewa ana yin asiri a cikinta a sace hankalin fasinja, har wasu 'yan acaba suka riƙa kifa ƙwarya a ka don kauce wa kamu. Yau kuma ana cewa tana karya wuya. Bahasin Hurt bai sami hakan ba, Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta bayyana cewa sa ta yadda ya kamata yana rage haɗarin mutuwa da kashi 42 cikin ɗari, na raunin kai kuwa da kashi 69. Sharaɗi dai a ɗaure igiyarta a haɓa, kuma a sani ba ta kare ƙirji da kashin baya.

Saura masu cewa, idan an yi musu nasiha, "Ai ajali ne, in kwana ya ƙare ko a kan gado sai a tafi." Babu Musulmin da ke musun ƙaddara, amma malamanmu sun yi ittifaƙi a kan cewa tawakkali na haƙiƙa yana tare da riƙo da sababi, kuma kiyaye rai yana cikin manyan manufofin shari'a, ballantana ma mai ganganci ba ransa kaɗai yake jefawa cikin halaka ba, akwai almajirin da ke tsallaka titi da tsohuwar da ke dawowa daga kasuwa, alhakinsu kuwa yana wuyansa.

Ina roƙon iyaye masu hali, da yayye masu ba da aron makulli don kunyar hanawa, kada ku miƙa irin wannan babur ga wanda bai daɗe a kan ƙarami da matsakaici ba, bai sami malamin da ya koya masa birki da kwana a fili ba, ba shi da lasin, ba shi da hular kwano ta ƙwarai. Idan ya yi fushi ku bar shi ya yi, ku riƙe makullin har ya cika waɗannan sharuɗɗa.